Filin Mota: Ina Za A Sa Wufa A Motar Da Ba Ta Da Kujerar Baya?

A wannan wata za mu duba wata tambaya ce da samarin zangunanmu suke yawan kawowa, tun daga Nima har Kumasi da Tamale, wato yadda za a sa babbar lasifikar nan mai kaurin murya da ake kira wufa a cikin 'yar ƙaramar motar gudu mai kujera biyu. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a titunanmu, amma akan sauke su jefi-jefi a tashar jiragen ruwa ta Tema cikin motocin gwanjo na Turai da Amurka, kuma da wuya wanda ya samu ɗaya ya yi wata guda bai nufi wajen masu haɗa rediyo ba. Dattawa za su ce ɓarnar kuɗi ce, mu kuwa ba za mu shiga wannan gardama ba. Abin da ya sa muka ɗauki maganar shi ne, aikin nan idan aka yi shi da garaje yakan cinye kuɗin mutum a banza, yakan ƙone mota, yakan kuma taɓa kunne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wufa take da son wuri haka. Sauti iska ce da ake kaɗawa. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ake kira haz. Aikin wufa yana can ƙasa ne, daga haz 80 zuwa abin da ya yi ƙasa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Da yake sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, tsawon igiyar wannan amo ɗaya ya haura mita 8, wato ya ninka tsawon motar kanta sau biyu. Kafin a fitar da amo irin wannan sai an tura iska mai yawa, kuma duk lokacin da aka sauko da rabi, misali daga haz 80 zuwa 40, sai lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin murya ya tsaya yadda yake. Wanda ya san bambancin tambari da kalangu ya riga ya san wannan karatu, domin ba wanda ya taɓa jin muryar tambari ta fito daga cikin kalangu komai ƙarfin makaɗi. 'Yar lasifikar ƙofa mai faɗin santimita 16 kalangu ce.

Sa'an nan lasifika ba ta aiki tsirara. Idan fatarta ta turo iska gaba, a lokacin nan bayanta yana janye iska, kuma in ba a raba gaban da bayan ba sai su haɗu su kashe juna. Wannan shi ne amfanin akwati, kuma akwatin ne yake cin wurin da ake ta faman nema.

Masana wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da suke jinginawa ga Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin lasifika na KLH a Amurka a shekarar 1957. Ƙa'idar ta ce abubuwa uku ne kowa yake so: ƙaramin akwati, da amo mai zurfi, da ƙara mai yawa a kan wuta kaɗan. To, biyu kawai ake samu, dole a saki na ukun. Mai 'yar motar gudu an riga an zaɓar masa ƙaramin akwati tun daga masana'anta. Saura ya zaɓa, ko dai ya haƙura da zurfin amo, ko kuwa ya biya da wuta, wato ya sayi amfilifaya mai ƙarfi. Duk mai kantin da ya ce yana da kayan da suka haɗa ukun nan gaba ɗaya, to ciniki kawai yake nema.

Amma fa ƙanƙantar motar tana da nata alheri, kuma nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Idan igiyar sauti ta fi ƙarfin ɗakin da take ciki, wato rabin tsawonta ya wuce tsawon ɗakin, sai ta daina yawo, lasifika ta koma matse iskar ɗakin baki ɗaya tana saki, kamar mai famfon taya. Daga wannan iyaka zuwa ƙasa amo yakan yi ta ƙaruwa da kansa, har kusan desibel 12 a duk saukowar rabi idan motar a rufe take ruf. A cikin motar da tsawon cikinta bai wuce mita 2 da rabi ba, lissafi ya nuna wannan kyauta tana farawa ne daga wajen haz 70. Babbar mota sai an sauka ƙasa da haka kafin ta samu. Ma'ana, wufa mai inci 8 a cikin 'yar mota mai rufin ƙarfe tana iya yin abin da mai inci 12 take yi a cikin bas. Sai dai mai motar da ake buɗe rufinta ya sani cewa da zarar ya naɗe rufin ya hau titi, wannan kyauta ta bi iska, kuma ko rufin yana sama, tamfol ba ya riƙe amo kamar ƙarfe.

Wannan ne ya sa muke ba da shawarar rufaffen akwati, wanda ba shi da ƙofar iska ko ɗaya. Edgar Villchur ne ya fito da wannan dabara fili a 1954 da lasifikarsa mai suna AR-1, inda iskar da aka kulle a cikin akwati take zama kamar sifirin a bayan fatar lasifika. Rufaffen akwati yana rage amo da desibel 12 a duk saukowar rabi, wato daidai da abin da cikin motar yake ƙarawa, sai su cike wa juna. Ɗaya nau'in shi ne akwati mai bututu, wanda yake aiki kamar yadda kwalba take kuka idan aka hura bakinta. Ya fi ƙara, ba musu, amma yana bukatar wuri fiye da rufaffe nesa ba kusa ba, bututun kansa yana cin wuri, kuma a ƙasa da amon da aka saita shi fatar lasifika takan yi ta fizga ba mai riƙe ta har ta yage. A motar ɗaukar amarya mai faffaɗan but ba laifi. A motar da ko jakar tafiya da kyar take shiga, mu dai ba mu ga dalilinsa ba.

Kafin mutum ya ɗauki zarto, yana da kyau ya duba abin da masu ƙera motocin suka yi, domin su ma sun yi fama da wannan matsala. Mazda MX-5 da ta fito a 1989, wadda Amurkawa suke kira Miata, an sa wa wasu daga cikinta ƙananan lasifikoki a cikin matashin kai na kujera don a ji waƙa ko rufi a buɗe, kuma a sabon samfurinta da ya fito a 2015 kamfanin Bose ya ɓoye 'yar wufa a wajen ƙafar fasinja. Nissan 350Z ta 2002 mai kayan Bose tana da wufa mai inci 10 a bayan kujerar direba. Mercedes kuwa, a motarsa SL ta 2012, ya yi amfani da ramukan da ke jikin ƙashin motar a gaban ƙafafun mazauna suka zama akwati, ya kira tsarin Frontbass. A lura, duk cikinsu ba wanda ya kai wufar but. Kowa ya ajiye ta a ɗaki ɗaya da kunnen mai saurare.

Dalili kuwa a fili yake. A MX-5, tsakanin but da kujeru akwai tankin mai da bangon ƙarfe. A Toyota MR2, wadda aka fara a 1984, da Porsche Boxster ta 1996, inji ne sukutum a bayan kujeru. Wanda ya sa akwati a but ɗin irin waɗannan motoci, mutanen bakin titi ne za su sha kiɗa, murfin but da lambar mota su yi ta karkarwa, shi kuwa a ciki sai ya ji kamar ana biki a unguwar da ke gaba. Motoci masu ƙofar baya wadda take ɗagawa da gilashi, inda but da wurin zama suke a haɗe, su ne kaɗai wannan magana ba ta shafa ba. Su kan akwai kusurwar bayan taya, akwai kuma ramin safaya, ko da yake mu ba ma goyon bayan a fitar da safaya don a sa lasifika. Wanda ya taɓa yin faci da dare tsakanin Kintampo da Buipe ya san abin da muke nufi.

To, wurare nawa suka rage? Bayan kujera, da wajen ƙafar fasinja, da ƙarƙashin kujera. Na ƙarshen nan sau da yawa ba ya yiwuwa, domin kujerar motar gudu kusan a ƙasa take zaune, alhali 'yan wufar nan masu haɗe da amfilifaya da ake turawa ƙarƙashin kujera suna bukatar tsayin wajen santimita 7 ko 8. Idan ta shiga, to ita ce hanya mafi sauƙi, ko da yake amonta ba ya nisa can ƙasa. Wajen ƙafar fasinja shi ya fi daɗin sauraro, domin amon yana fitowa daga gaba tare da sauran lasifikoki, amma fasinja zai rasa wajen miƙe ƙafa, kuma dole a sa raga ta ƙarfe don kada takalmi ya huda fatar. A wasu motocin kwamfutar inji tana ƙarƙashin kafet a daidai wannan wuri, saboda haka a ɗaga a duba tukuna. Bayan kujera shi aka fi amfani da shi. Abin kiyayewa a nan shi ne direba ya zauna, ya gyara kujerarsa yadda ya saba tuƙi, sa'an nan a auna abin da ya rage. Kada a matsar da direba gaba don akwati ya shiga. Gara a sa shi a bayan fasinja.

Yanzu sai awo, kuma nan ne kafintoci suke tafka kuskure. Takardar da ke zuwa da lasifika tana faɗin yawan iskar da take bukata a cikin akwati. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga aikin Neville Thiele na Ostireliya a 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970, kuma su ne suke nuna ko lasifika ta dace da ƙaramin akwati ko ba ta dace ba. Girman fuskarta kaɗai ba ya faɗin haka. A yawancin lokaci mai inci 8 takan nemi lita 8 zuwa 14 a rufaffen akwati, mai inci 10 lita 14 zuwa 28, mai inci 12 kuwa daga lita 25 zuwa sama. Idan takardar ta Amurka ce, za a ga awon da ƙafa, kuma ƙafa ɗaya ta kowane gefe lita 28 ce da ɗoriya. Abin da ake nufi shi ne iskar ciki, ban da katako. Ga misali. A ce wurin da aka samu santimita 40 ne a faɗi, 30 a tsayi, 18 a zurfi. Idan aka ninka su aka raba da 1,000 za a ga lita 21.6, sai kafinta ya ce ai mai inci 10 za ta zauna daram. Amma katako mai kaurin milimita 18 yana cin santimita 3.6 a kowane awo, sai cikin ya koma 36.4 da 26.4 da 14.4, wato lita 13.8. A cire kamar lita ɗaya da jikin lasifikar kanta zai cinye, saura ƙasa da 13. Kashi 40 cikin ɗari na wurin ya tafi ke nan. Irin wannan akwati na mai inci 8 ne, ko kuwa mai inci 10 daga cikin siraran nan da aka ƙera musamman don matsattsen wuri, waɗanda zurfinsu bai wuce santimita 9 ba. Idan aka cusa babbar lasifika a akwatin da ya yi mata kaɗan, amonta yakan taru wuri ɗaya, kowace waƙa ta riƙa fitowa da dum-dum iri guda.

Idan wurin ba mai kusurwa huɗu ba ne, a shimfiɗa babbar leda a ciki, a zuba gero ko shinkafa har ya cika, sa'an nan a kwashe ana aunawa da gorar ruwa mai lita ɗaya. Kada a auna da mudu, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Irin wannan wuri mai lanƙwasa, faiba ta fi dacewa da shi, domin tana bin siffar motar kuma ba ta kai katako kauri ba. Masu gyaran bamba a Suame Magazine sun san aikinta.

Game da katako, littattafan Turawa duk MDF suke ambata, wato wanda ake yi da garin katako da gam. Yana da kyau, amma yana da nauyi, kuma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Motar da rufinta tamfol ne, da wuya damina ta wuce ruwa bai sauka bayan kujera ba, sai a wayi gari akwati ya kumbura kamar burodi. Filawud mai kyau ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi jure laima. Ko wanne aka zaɓa, a shafe shi da fenti ko banish, a bi duk mahaɗa da gam daga ciki. Bayan an ɗaura lasifika, a danna fatarta a hankali da yatsu a saki. Idan ta dawo sannu-sannu, akwati ya rufu. Idan aka ji iska tana fita, akwai kafa, sai a neme ta. Zuba ɗan audugar matashi a ciki yana sa akwatin ya yi aiki kamar ya ɗan fi girmansa.

Batun wuta shi ne inda ba ma son a yi wasa. Da farko a manta da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su wat 2,000. Lambar da ke biye da haruffan RMS ita ce ta gaskiya, kuma a 'yar mota wat 200 zuwa 300 sun isa har da saura. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Amfilifaya na zamani da ake kira aji D, idan yana fitar da wat 300, yana jan wajen amfiya 27 daga batir in an ƙure shi, tsohon samfuri na aji AB kuwa yakan kai 40, ga zafi, ga girma. Altanetar tsofaffin ƙananan motocin nan ba ta wuce amfiya 60 zuwa 80 ba, kuma fitilu da fanka da famfon mai duk a kanta suke. Saboda haka aji D ne zaɓi. Waya ta zama mai lamba 8, ta jan ƙarfe zalla, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama wadda ta cika kasuwa, kuma ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya yi fari to ita ce. Dole a sa fis a jikin wayar kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Wannan fis wayar yake karewa, domin idan ta goge da ƙarfe ta tsage, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya, kuma kafin a tsaya a buɗe ƙofa kafet ya kama. Rewayan da ya ce fis ɗin jikin amfilifaya ya wadatar, a karɓi makulli a gaba. Duk inda waya za ta ratsa bangon ƙarfe a sa mata zoben roba, wayar at kuma ta zama gajera, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Wayoyi masu kan rawaya da ake gani ƙarƙashin kujera na jakar iska ne, ba a taɓa su.

Haka nan kafin a huda ko'ina da na'ura, a leƙa a ga abin da ke bayan ƙarfen. Mun faɗa a sama cewa tankin MX-5 yana bayan kujeru, daidai inda hannu yake ƙaiƙayin ɗaura akwati. Sukuru ɗaya mai tsawo ya isa. A wasu samfuran MR2 tankin yana kwance ne a tsakiya, tsakanin kujerun biyu. Mafi alheri a nemi ramukan noti da motar ta zo da su a yi amfani da su, amma ban da na bel ɗin kujera. Ɗaurewar kuwa ba zaɓi ba ce. Mota mai gudun kilomita 50 a awa idan ta yi karo, duk abin da ba a ɗaure ba yakan taho kamar an sako shi daga tsayin mita 10, kuma akwati mai kilo 10 da ke bayan wuyan mutum ba shi da wata hanya sai ta kansa.

Kunne ma yana da nasa lissafi. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har a desibel 100 ya rage minti 15 kacal. Motar gudu da ma tana da ƙarar inji da salansa da iska, sai mutum ya yi ta ƙara murya don ya danne su bai sani ba. Idan aka sauka daga mota kunne yana ƙugi, an wuce iyaka, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda ba ya jin odar babur ko jiniyar motar asibiti a Kwame Nkrumah Circle, ya rage.

Saura saiti. A jikin amfilifaya akwai maɓallin da yake tace amo, a ajiye shi wajen haz 80, domin a ƙasa da nan kunne ba ya iya gane inda sauti yake fitowa, sai a ji kamar daga gaba yake ko da akwatin yana baya. Idan aka ɗaga shi zuwa 150, muryar mawaƙi za ta fara fitowa daga bayan kujera. In rediyon yana da hanyar hana lasifikokin ƙofa ɗaukar amon da ke ƙasa da 80, a kunna, za su huta kuma muryarsu ta washe. Maɓallin da aka rubuta wa Gain na daidaita amfilifaya da rediyo ne. A mayar da shi ƙasa, a ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, sa'an nan a riƙa murɗa shi sannu a hankali har wufa ta cika waƙar ba tare da ta danne ta ba, in an ji ta fara gurnani a koma baya. Na ƙarin bes kuwa a bar shi a sifili, tunda cikin motar ya riga ya yi wannan aiki kyauta. Akwai kuma wani ɗan makunni mai lamba 0 da 180. Direba ya zauna a kujerarsa, ƙofofi a rufe, wani ya riƙa juya shi, a bar shi a inda amo ya fi cika. Bayan haka a fita da motar kan titi a sake saurare, domin ƙarar taya tana cinye amon ƙasa, kuma abin da ya yi daidai a gareji yakan yi kaɗan a kan kwalta. Duk abin da aka ji yana kakkaɓi, lambar mota ce ko murfin akwatin dashbod ko robar ƙofa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da ɗan soso mai gam a baya.